Uwar Kaset ɗin Tasawa

Bobigny, 2 ga Oktoba

Zuwa ga Ilya, wanda na ji a Lyon ana ce wa Mushe Ilya, irin kiran Faransawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka don addini ya ce a yi gaisuwa. Ina lafiyarka, ina iyali, ina gajiya, ina sanyi. In ka tambayi tawa, ƙalau nake sai gwiwa, ita ma ba ta kai ta hana ni faɗa maka abin da zan faɗa ba.

Shekara talatin da uku ban neme ka ba, kuma ba don Mardiya ɗiyar Maigida ba, da sai dai mu gamu a lahira. Ran Lahadi ta kira ni. Ta ce wani ƙaramin kamfani a Lyon ya yarda ya gyara kaset ɗaya cikin biyun da mahaifinta, marigayi Zailani Tasawa, ya bari, a fitar da shi duniya ta ji. Ɗaya tak. Ta ce tunda ni da kai kaɗai muka rage cikin waɗanda suka zauna bayan gurminsa, mu za mu zaɓa, mu sa hannu kafin ƙarshen Nuwamba. In ba mu daidaita ba, kamfanin ya wuce ga wani mawaƙi. Sannan ta ce kai ka riga ka zaɓi na Paris.

Na yi dariya har maƙwabcina ya buga bango.

Ilya, kana da kunne kuwa? Ko taram, jirgin nan na cikin gari da ka yi shekaru kana tuƙawa, ya cinye shi? Bari in tuna maka, tunda lokacin da aka ɗauki kaset ɗin Tasawa kai kana lakwal, kana karatun boko da gajeren wando. A tsakar gidan Alhaji Kamalu, maƙwabcin Maigida, aka yi shi, bayan la'asar, da radiyon da ya zo da ita daga Makka. Aka sa mata sabbin pil, batir guda shida, aka kifa turmi aka ɗora ta. Maigida ya zauna kan tabarma da gurmi, ni ina damansa da ƙwarya, 'yan amshi uku a baya. Zama ɗaya muka yi. Ba wanda ya ce a sake. A cikinsa za ka ji wata mata ta saki guɗa ba a sa ta ba. Za ka ji Maigida ya yi kuskure ya yi wa kansa dariya, ya mai da kuskuren baiti. Wannan shi ne Zailani.

Na Paris fa? Abincin lopital, irin wanda ake ba majinyata a asibiti. An dafa, an tace, an cire gishiri. Na saurare shi sau ɗaya a shagon wani mai aski a Château Rouge, na tashi da rabin kaina ba a aske ba. Muryar Maigida tana can ita kaɗai kamar mutumin da aka rufe a firiji. Ga wannan piyano na lantarki da Baturen ya zuba a kai, sai ka ce ana tallan sabulu. Ƙwaryar da ke ciki kuwa, na san hannun wane ne, kai ma ka sani. Ba ta yin kuskure, ba ta kuma cewa komai.

Abin da nake so ka rubuto ke nan: Maikano ya yi gaskiya, na Tasawa ya fi. Layi ɗaya ya isa.

Kada ka kira ni a salula, kada ka aiko mini saƙon murya. Ba na saurare, ba na aikawa. Wata uku na yi a ajin yaƙi da jahilci, sun ishe ni in rubuta maka gaskiya da hannuna.

Ka gaida matarka, ita ba ta yi mini komai ba.

Maikano mai ƙwarya


Lyon, 8 ga Oktoba

Yaya Maikano,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso lafiya. Na gode da gaisuwa, ko da yake na ga da ƙyar ta fito. Allah ya ba gwiwa sauƙi. Ruwaida tana amsawa, ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana shan shayi da sukari cokali huɗu.

Bon. Mu zo ga magana. Layin da ka nema ba za ka same shi ba.

Kana yabon guɗa da dariya. Ka manta akuya. A waƙa ta biyu akuyar Alhaji Kamalu ta fi gurmi ƙara, kuma ta fi 'yan amshi riƙe lokaci. A ta uku pil sun fara sanyi, muryar Maigida ta ja kamar ta mai barci. A ta huɗu wani ya matso da ƙwaryarsa kusa da radiyo, ban faɗi suna ba, har rabin kalmomin suka nutse. Franchement, in ka ba yaron da aka haifa a nan wannan kaset, zai ɗauka ana soya ƙosai ne.

Na Paris kuma, muryarsa ta nuna. Yana da shekara arba'in da biyar, ya binne uwa da uba, ya san abin da yake faɗi. Waƙar matafiya da ke cikinsa, kowace kalma tana fita sarai, har numfashinsa kana ji. Na taɓa sa wa wani tsoho ɗan Maraɗi ita a nan La Guillotière, ya juya fuska ga bango don kar in ga idonsa. Piyanon ni ma ba ya burge ni, amma ana iya rage shi. Akuya ba a iya rage ta.

Abu ɗaya zan ba ka. Waƙar masu haƙar rijiya, ta ƙarshen kaset ɗin Tasawa. Sau biyu na ji ta a mota lokacin da na shigo ƙungiya, ban sake ji ba. Ka san dalili: Alhaji Kamalu a kaset mai minti tasa'in ya ɗauka, masu sayarwa a tasha kuma a mai sittin suka riƙa kwafa, ta ƙarshen ta faɗi. Duk wanda ke yawo yanzu a salula a waƙa ta biyar yake tsayawa. Uwar kaset ɗin kaɗai ke da ita, ita kuma tana jakar Maigida, jakar kuma tana hannunka tun ranar da ka bar mu.

Saboda haka ga shawarata. Ran Asabar 19 ga wata, a ɗakin bayan gidan abincin Hajiya Hassia, za mu ajiye na'ura biyu kan tebur. Ni in kawo babban faifan situdiyo, kai ka kawo uwar kaset. Waƙa ta fuskanci waƙa, Mardiya tana zaune. Wanda ya faɗi ya sa hannu. Awa biyu ne a jirgin ƙasa. In gwiwa ta hana, ka aiko da shi ta fosta. Ko ma yaya ne kamfanin uwar yake so, ba kwafi ba.

Allah ya sa mu gana da alheri.

Ƙaninka, ko ka ƙi,
Ilya


Bobigny, 13 ga Oktoba

Ilya,

Salamu alaikum. Lafiya lau. Ka ce wa Ruwaida likita ya mai da ni cokali biyu, na ukun ina sa shi in ya juya baya.

Kai ba ƙanina ba ne. Ƙanina Abdul'aziz ne, yana kwance a maƙabartar Tasawa, bai taɓa karɓe mini ƙwarya ba.

Ka zagi akuya. Akuyar nan ta fi ka sanin inda Maigida zai numfasa. Ka ce na matso da ƙwarya kusa da radiyo. Shi ya jawo ni da ƙafarsa, don a waƙa ta huɗu ƙwarya ce ke magana, shi amsawa yake yi. Kai da ka koyi kiɗa da ƙirga ɗaya, biyu, uku, ina za ka gane wannan?

Tunda ka yabi waƙar matafiya, mu auna ta da waƙar mai tallan fura ta Tasawa. Taka tana sa tsoho kuka. To, albasa ma tana yi. Tawa kuwa in an sa ta, mace mai ɗauke da tulu sai ta sauke, ta taka rawa, ta manta an aike ta. A Tasawa Maigida yana yi wa mutane waƙa. A Paris yana yi wa gilashi.

Kuma tunda ka manta yadda aka yi, ko ka yi kamar ka manta, ni ban manta ba. Shekara goma sha huɗu ina kiɗa wa Zailani, ban taɓa bin kunnena kaɗai ba. Babban yatsan ƙafarsa nake kallo. In ya ɗaga, na san zai ja baiti. In ya danna tabarma, na san zai yanke. Muka zo Paris, aka kai mu situdiyo, Bature ya ce kowa shi kaɗai za a ɗauka. Aka gama da Maigida, aka fitar da shi. Aka rufe ni a ɗakin gilashi, aka ɗora mini abin toshe kunne da suke ce wa kaske, da wani abu yana tak, tak, tak a ciki, wai shi zan bi. Na ce a dawo mini da Maigida ya zauna gabana ko da bai yi waƙa ba, in ga ƙafarsa. Kai ne tafinta. Me ka faɗa wa Baturen har ya ƙyalƙyale da dariya? Sau goma sha huɗu ya ce “encore”, a sake. A na goma sha biyar Maigida ya leƙo ya ce, “Maikano, je ka sha iska.” Na dawo na tarar da ƙwaryata tsakanin ƙafafunka, zobbana a yatsunka. Ɗan amshin da na koya wa ɗaura rawani.

Ka ambaci waƙar masu haƙar rijiya. Kada bakinka ya sake taɓa ta. Minti goma sha uku ce. Gurmi ya fara shi kaɗai, a hankali, kamar ana zura guga. Ni ban shigo ba sai da ya kai ƙasa. Ubansa mahaƙin rijiya ne, ya kira sunayen rijiyoyin da tsohon ya haƙa ɗaya bayan ɗaya, daga Tasawa har Gazawa. Duk na Paris ɗinka, da piyanonsa da Baturensa, bai kai minti ɗaya na wannan ba.

Ba zan zo Lyon ba. Ba zan ba fosta uwar kaset ba, mutanen da suka taɓa kai takardar lopital ɗina gidan wani ɗan Sirilanka. Ba na bukatar na'ura biyu kan tebur. Ni na san abin da ke ciki, kai ma ka sani. Ka rubuto layin nan kawai.

Sai wata rana, in da rabo.

Maikano


Lyon, 21 ga Oktoba

Baba Maikano,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina kwana Baba, ina gajiya, ya ƙarfin jiki, ya gwiwa. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kawu Ilya ya ce ba ka son waya, shi ya sa na rubuto. A yi haƙuri da rubutuna, Hausata ta takarda ba ta kai ta baki ba.

Ran Asabar mun zauna wurin Hajiya Hassia kamar yadda aka shirya. Mun bar maka kujera har muka tashi. Da kwafin salula muka yi aiki, mai tsayawa a waƙa ta biyar.

Baba, ni ba zan shiga tsakaninku ba, ku ne manya. Amma akwai abin da nake so ka sani. An ɗauki kaset ɗin Tasawa kwana biyu bayan sunana. Inna ta sha faɗa mini cewa a tsakiyar waƙar masu haƙar rijiya, babana ya bar rijiyoyin ya kira sunana, ya yi mini baiti a nan take, wanda bai taɓa maimaitawa a wani wuri ba. Ita tana ɗaka da jego, ta bango ta ji. Ta manta kalmomin, ta ce dai ta yi kuka. Ina da shekara goma sha biyu ya rasu. Yanzu ina da arba'in, ina da 'ya'ya biyu, ban taɓa jin baitin nan ba.

Kafin ya rasu an tambaye shi ina uwar kaset. Ya ce, “Tana wurin Maikano. Zai iya fushi da ni har ya mutu, amma ba zai yi wasa da jakata ba.” Da wannan maganar na girma.

Ko wanne kuka zaɓa, ina roƙon in ji shi sau ɗaya. In tafiya ce wahala, ni zan zo. Ina da hutu ran 9 ga Nuwamba, in hau jirgin safe, in zauna a ɗakinka in saurara, ko taɓa shi ba sai na yi ba.

Yara suna gaida kakansu da ba su sani ba.

Ɗiyarka,
Mardiya Zailani


Lyon, 24 ga Oktoba

Yaya Maikano,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da fushinka.

Ka tambayi abin da na faɗa wa Baturen. Abin da ka ce shi na faɗa, kalma da kalma: yana so ya ga ƙafar maigidansa. Shi ya yi dariya, ba ni ba. Zobban kuma Maigida ne ya zare su daga kan tebur ya miƙo mini, don an ce saura awa ɗaya a rufe situdiyo. Ina da shekara ashirin da shida. Kana so in ce masa a'a? Kai ka taɓa ce masa a'a?

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ran Asabar mun jera su, waƙa da waƙa, ba kai. Na je da niyyar in kayar da kai a bayan idonka. Muka sa na Paris, kowa ya gyaɗa kai, ya ce ma sha Allah. Muka sa na Tasawa, da ƙararsa da akuyarsa. Kafin a kai rabin waƙar mai tallan fura Hajiya Hassia ta fito daga kicin da ludayi a hannu, mutanen da ke cin abinci a gaba suka taso suka cika ƙofa. Ni kuma na ga hannuna yana bin ƙwaryarka a kan tebur, yana kasa kamo ta.

Na saurari kaina a na Paris bayan wannan. Daidai nake, kamar agogo. Maigida yana jan baiti, ni ina wucewa abina, don ba na ganinsa.

Voilà. Ga layinka: na Tasawa ya fi. Ban ce Maikano ya yi gaskiya ba, don mutum yana iya zaɓar kaset mai kyau ya kasance mugun tsoho. Na sa hannu a takardar kamfanin jiya. Ba don kai ba. Don yarinyar nan ta ji sunanta.

Saura hannunka da uwar kaset. Ka ci. Kawo.

Ilya


Bobigny, 1 ga Nuwamba

Ilya,

Salamu alaikum.

Wa ya aike ka? Shekara talatin da uku kana da taurin kai, sai yanzu da nake bukatarsa ka ajiye? Na dogara da kai, Ilya. Na ce wannan ɗan lakwal ba zai taɓa sauka ba. Zan zage shi, ya zage ni, Nuwamba ta ƙare, kamfani ya tafi, kowa ya mutu da nasa. Ko a nan ma sai da ka cuce ni.

Kwana biyar takardarka tana kan tebur tare da ta Mardiya. To, ka buɗe ido ka karanta, ba zan maimaita ba.

Ka san yadda muke aika saƙo a wancan zamani, mu da rubutu ke yi wa wuya. Ka sami kaset, ka danna jan maɓalli, ka yi maganarka, ka ba mai tafiya gida. Haka nake yi wa A'i matata, haka take yi mini.

Washegarin situdiyo, ran Lahadi da hantsi, kun tafi wasa a wani gari kuka bar ni a ɗakin da aka sauke mu a Château Rouge, wai in huta. Jakar Maigida tana gabana, radiyonsa tana gabana. Na ce zan faɗa masa abin da bakina ya kasa faɗa a gabansa, in miƙa masa a filin jirgi, ya je Tasawa ya ji. Ba ni da sabon kaset. Zan iya ce maka ban duba wanda na ɗauka ba. Ƙarya ne. Na duba. Na tauna takarda na toshe ramukan nan biyu na samansa da ke hana a ɗauki magana a kai. Na sa bik ɗin rubutu na juya zaren da hannuna har na kai inda nake so, don na san wadda ya fi so a duk waƙoƙinsa. Sannan na danna.

Na zage shi. Na zagi ubansa mahaƙin rijiya, na ce gadon rami ya yi, shi ya sa yake jefa mutane ciki. Na zage ka, kai naka mai sauƙi ne. Na ambaci matarsa. Na ce ɗiyar da yake taƙama da ita, Allah ya sa ta tashi ta ga an wulaƙanta ubanta kamar yadda ya wulaƙanta ni. Da sunanta na faɗa.

Minti goma sha ɗaya. Abin da ya rage na waƙar shi ne shigowar gurmi a farko, da ɗan ƙarshe inda 'yan amshi ke saukewa. Baitin Mardiya yana ƙarƙashin muryata. Babu shi. Na kai wa wani mai gyaran radiyo a Barbès tun shekarun baya, ya ce abin da aka taka an taka.

Ban ba shi ba. A filin jirgi ya miƙo mini hannu, na ƙi karɓa, na riƙe jakar, shi kuma bai tambaye ta ba. Ya tafi yana ganin ajiyarsa tana hannun amintacce. Kun koma gida, kai ka dawo Faransa karatu daga baya, ni na tsaya a nan, ban sake taka Tasawa ba sai da aka binne shi. Tun ranar ban sake yin magana cikin na'urar ɗaukar murya ba.

Kaset ɗin yana nan cikin gwangwanin biskit. Duk shekara ina juya zaren don kar ya manne. Waƙoƙi biyar na farko suna nan garau, sun fi duk abin da kuke ji a salula. Fuska ta biyu ce ba na bari ta wuce waƙar farko.

Yarinya za ta zo ran 9. Kai da ka iya Faransanci da dabara, faɗa mini abin da zan ce mata. Kuma kada ka yi mini wa'azi, na riga ka sanin ko ni wane ne.

Maikano


Lyon, 4 ga Nuwamba

Maikano,

Wa alaikumus salam. Yau ban iya rubuta Yaya ba.

Shekara talatin da uku ina ɗauke da kunyar zobbanka. Ina ganin mutanen Tasawa a taron suna, ina sunkuyar da kai, ina cewa ni ne na raba Zailani da makaɗinsa. Ashe kai kana zaune kan wannan, kana kirana ɓarawo.

Ba wa'azi zan yi ba. Ga abin da za a yi, kuma ba don kai ba. Ka rubuta wa Mardiya yau, ka ce ka buɗe gwangwani ka tarar danshi ya ci zaren, ya manne, ya tsinke. Ni zan ce na zo Bobigny na gani da idona. Zan janye hannuna, mu sa wa na Paris, a fitar da shi. Za ta yi baƙin ciki sati biyu, ta ce ƙaddara ce. Ubanta ya zauna mata a mutumin da ya san wanda zai ba amana, kai kuma ka zauna mata a Baba Maikano. Kaset ɗin ka jefa shi a ruwan kanal, ka tabbata ya nutse.

Ruwaida ma ba zan faɗa wa ba. Daga ni sai kai, har kabari. Ba na neman godiya, na san ba ka da ita.

Ilya


Bobigny, 6 ga Nuwamba

Ɗiyata Mardiya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, ina yara. Allah ya yi musu albarka.

Kada ki hau jirgi ran Asabar. Ga uwar kaset nan cikin wannan ƙunshi, na ba fosta na sa hannu sun sa hannu. Ga takardar kamfani, na sa wa na Tasawa. Waƙoƙi biyar suna nan lafiya, a fitar da su, ubanki ne a ranar da ya fi kowa.

Ta shida babu ita. Ni na taka ta da bakina, da gangan, ba danshi ba ne. In Ilya ya ce miki danshi ne, ƙarya yake yi don ya rufa mini asiri, ni kuma ba zan ƙarasa kwanana a ƙarƙashin alfarmar Ilya ba. Ki faɗa masa haka.

Ki ji fuska ta biyu ke kaɗai, yara ba sa gida. Ki ji har ƙarshe, kada ki tsallake. Muryar da za ki ji tawa ce, abin da ta faɗa kuma na faɗa.

Baitinki layi huɗu ne. Ina damansa lokacin da ya yi shi, ban manta ko harafi ba. Ban rubuto shi nan ba, don kada ki ce na saye ki da shi. In kin gama saurare kina so ki ji shi daga bakin da ya yi wancan, ina gida kullum bayan azahar, hawa na uku, ƙofa ta hagu. In ba ki so, ba sai kin amsa ba.

Allah ya jiƙan Maigida.

Maikano